Inci Biyu da Rabi

Ni tela ce, kuma babu abin da ke ɓata min rai a sana'ata kamar mace ta shigo shago ta ce, "Ba sai kin auna ni ba, ai kin san jikina." Ban san jikin kowa ba. Jikin da na auna da azumi ba shi ne na bayan babbar Sallah ba. Na faɗi wannan tun da wuri don a san halina, saboda labarin nan na awo ne, ko da yake ba ni ce na fara cewa a ɗauko tef ba.

Sunana Harira. Shagona yana jikin gidan iyayena a Unguwar Dosa, don haka kusan kullum ina tare da su. Mahaifina, Alhaji Lawan, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya yana mataimakin darakta. A duniya yana da mutum ɗaya da zai cika baki ya kira aboki, Baba Isiyaku, kuma shekara talatin da huɗu ke nan bai taka ƙofar gidansa ba. Gidan kuwa yana nan Kawo, bayan tasha, tafiyar da ba ta fi minti goma sha biyar a Keke Napep ba.

Tun suna samari suka haɗu a ma'aikata ɗaya, suka kama ɗaki ɗaya a Doka. Baba ɗan Zariya ne, Baba Isiyaku kuma Bakatsine daga Malumfashi, mai buga tafireta. Umma ta ce in yana bugu har mutanen wasu ofisoshin sukan tsaya bakin taga su kalli yatsunsa. Baba yana ce masa Akawu, shi kuma yana ce wa Baba Lawandi.

Sai Baba ya sami bindiga mai baki biyu a hannun wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu. Tsohuwa ce tun a lokacin, ta zo da gwangwani cike da harsasai masu jikin takarda. Baba ya yi mata lasisi, yana goge ta kamar amarya. Duk Asabar sai su nufi dajin da ke gaban Rigacikun neman zabi da fakara, wannan ya harba, ya miƙa wa wancan.

Wata Asabar a shekarar 1990, ina 'yar shekara shida, bindigar tana hannun Baba Isiyaku bututun hagu ya tsage. Ya tafi da yatsu uku na hannun hagunsa, ya bar masa babban yatsa da manuni. Mai tafireta da yatsu bakwai ya gama aiki. Suka mai da shi ɗaukar fayil, bai jima ba ya ajiye, ya buɗe 'yar rumfa a bakin tashar Kawo yana sayar da jarida da ambulan.

Sati biyu Baba yana zarya asibiti. Sannan wata rana ya buɗe jakar kayan goge bindigar, ya ɗauko tsumman da ya tura cikin bututun ana gobe za su fita, sai ya ga gefensa a yage, kuma a idonsa ya fi yadda ya san shi gajarta. Shi ke nan ya yanke wa kansa hukunci: guntun tsumma ya bari a ciki, bututun ya toshe, shi ne ya cinye wa abokinsa yatsu da sana'a. Bai gaya wa kowa ba sai Umma, ita ma sai da na yi aure ta gaya min. Daga ranar ya kasa haɗa ido da hannun nan. Duk Sallah sai ya aike mu da shinkafa da shadda. Baba Isiyaku ya karɓa, ya sa albarka, ya ce, "A gaishe da Darakta." Ina yarinya na ɗauka girmamawa ce.

Wata ranar Litinin Umma ta dawo daga Kawo da labari. Khalid, ɗan Baba Isiyaku, ya gama gini a Malumfashi, ya ce tsohon ya bar zaman haya ya koma gida. Juma'a da safe zai hau mota, kuma ba tafiyar dawowa ba ce. Baba yana karatun jarida, bai ɗago ba, ya ce Allah ya sa alheri ne. Amma bayan Azahar sai ga shi a shagona da farar shadda a hammata.

"Kaftani da wando. Kafin Juma'a."

"Ina awon?"

"Tsawo hamsin da huɗu, kafaɗa goma sha takwas, wuya goma sha biyar da rabi."

Bai ko yi tunani ba ya zubo su, don tela ɗaya suke zuwa a da. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, haushin ya fi yawa.

"Baba, wannan awon mutumin 1990 ne. Ni ba na ɗinka wa wanda ban auna ba. Ka kai ni in auna shi."

"Ai kin san hanya," ya ce, ya juya ya fita.

Ranar Laraba da hantsi na ji ana jan kujera a ɗakinsa. Na leƙa, na same shi a tsaye a kai, dattijo ɗan shekara saba'in da biyu, yana sauko da wani abu naɗe cikin tsohon bargo daga saman wadirob. Bindigar ce. Ya ce ya gaji da kwana ɗaki ɗaya da ita, zai miƙa wa hukuma. Ya riga ya aika a kira Saje Abdulmalik ya raka shi. Saje maƙwabcinmu ne, tsohon soja, shekara ashirin ya yi yana kula da ma'ajiyar makamai yana gyaransu. Matarsa tana ɗinki a wurina, tana cikin masu cewa na san jikinsu.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Saje ya warware bargon, ya tabbatar babu komai a cikin bindigar, ya cire katakon gaba, ya raba bututun biyu da ƙotar. Karo na farko ke nan da na ga tsagar da idona. Ta fara kamar taƙi ɗaya daga gindin bututun, ta buɗe baki, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Baba ya kau da kai yana kallon kajin Umma.

Saje ya ɗaga bututun sama ya leƙa, ya juya ya sake leƙawa. Ya bi tsagar da babban yatsa, gaba da baya, ya daɗe yana yi.

"Alhaji, me ya fasa ta?"

"Toshewa."

"Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Ni na sani."

Nan, a gaban baƙo, Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a gabana ba. Ya ba da labarin tsumman kamar mai karanta rahoto, muryarsa ba ta yi rawa ba, sai dai yana ta murza carbi har ina jin ƙararsa.

Saje ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Na ga bututun da toshewa ta fasa, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Wani ƙasa ce, wani tsumma, wani ma zanzaro ne ya yi gida a ciki. Duk wanda ya toshe, sai ya kumbura a daidai wurin tukuna, ya yi zobe, kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, sannan ya tsage. Kawo hannunka, Alhaji. Shafa nan. Ina zoben?"

Baba bai so ba, amma ya shafa. Babu zobe.

"Hajiya Harira, samo min kwali mai ƙarfi, ki yanko siriri kamar faɗin yatsa, bakinsa a miƙe. Ki zo da tef ɗinki da biro."

Kwalin da na tarar a kusa shi ne wanda aka naɗe farar shaddar a kai. Na yanko, na kawo.

"Kun ga nan farkon bututun, inda harsashi ke zama? Ya fi sauran ramin faɗi. In mazaunin ya ƙare, sai ramin ya fara tsukewa. Tsawon mazaunin nake so in sani. A wurin aiki muna da ƙarfen awonsa, amma kwali ma ba ya ƙarya in hannu bai yi gaggawa ba."

Ya kwantar da kwalin a jikin bangon ramin, ya rinƙa tura shi a hankali, idonsa a rufe. Can sai kwalin ya tsaya. Ya ja layi da biro a daidai leɓen bututun, ya zaro. Ya sake, ya sake, sau uku a kowane baki, layin bai gusa ba. Ya miƙo min.

Na ɗora tef. Wannan kam aikina ne.

"Inci biyu da rabi."

"Haka na zata. Tsofaffin bindigogin Turawa da yawa haka suke. Harsasan da suka zo daga baya kuwa sun fi tsawo. Akwai mai biyu da kwata uku, akwai mai inci uku cur."

Baba ya ce, "In ya fi tsawo ai ba zai shiga ba."

"Nan kowa yake faɗuwa, Alhaji. Bakin harsashi a naɗe yake zuwa. Sai an harba yake warwarewa, kuma tsawon da ake faɗa na bayan ya warware ne. Sai ka sa dogo ya shige, bindiga ta rufe, ka ce ai daidai ne."

Na riga Baba ganewa, kuma ban iya yin shiru ba. "Kamar ƙafar wando ke nan. A kalmashe ta yi daidai, in an saki kalmasar ta ja ƙasa."

"Yauwa, tela ta gane. To in ya warware a inda ramin ya tsuke, hanya ta ragu, ƙarfin ya taru a baya. Wata bindigar takan jure shekara da shekaru. Wannan kuwa tsufa da tsatsa sun ci ƙarfenta, dubi bakin tsagar, bai fi gwangwanin madara kauri ba. Ba zan rantse ba, tunda ba na wurin. Amma in ni ka tambaya, dogon harsashi mai ƙarfi aka sa mata."

Na ga fuskar Baba ta buɗe, wani haske da ban san shi da shi ba ya bayyana. Bai kai minti ɗaya ba ya mutu. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohon gwangwanin Baturen. A ciki akwai kwanson takarda guda ɗaya da aka taɓa harbawa. Ya ɗora shi a jikin kwalin da kansa. Gindinsa a kan layin, bakinsa ya tsaya cif a ƙarshen kwalin.

"Ka gani? Irin waɗannan na ba shi, guda huɗu, da hannuna. Tsumman ne, Saje. Na gode da ƙoƙarinka."

"Na ji abin da ka ba shi. Abin da ya sa fa? Da aka buɗe ta, me aka samu a ciki?"

"A daji muka yar da ita muka yi asibiti. Washegari mutanen ƙauye suka kawo ta a buɗe, ba komai."

"To shi wanda ya harba ɗin yana da rai?"

"Yana Kawo," na ce, kafin Baba ya buɗe baki.

"Kawo? Wannan Kawon? Ka taɓa tambayarsa?"

Baba ya dubi ƙasa. "Da wane bakin?"

Saje ya mai da bindigar cikin bargo, ya ɗaure. Ya ce ba zai raka kowa ko'ina ba sai mako mai zuwa, bindigar da ta yi shekara talatin a saman wadirob ba za ta gudu ba. Da zai fita ya sa min kwalin a hannu.

Alhamis da safe na rufe shago, na jefa tef da kwalin cikin jaka na hau Keke. A Kawo 'yan kamasho na ta ihun Zariya, Kano, Funtuwa, ɗaya har ya kama min jaka yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Na fizge abata na bi lungun bayan tasha.

Na tarar da Baba Isiyaku a tsakiyar buhuna da kwalaye, an riga an kwance gadon. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya rasa inda zai zaunar da ni, ya kakkaɓe min wani akwati.

"Ɗiyata, mi ya kawo ki da sassafe haka? Halan Darakta ya aiko?"

"Shadda ya saya maka. Awo na zo yi."

Ya miƙe yana dariya. Kafaɗa goma sha shida, wuya goma sha huɗu, tsawon ma ya ragu da inci biyu. Da na bi lissafin Baba da tsohon nan ya ɓace cikin kaftanin. Na zo awon hannu, na ja tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannun hagu, na tsaya a nan. Na daɗe ina shirya yadda zan lallaɓa maganar, amma ni ban iya lallaɓa ba.

"Baba, ranar nan wane harsashi ka sa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi ƙofa kamar wani zai shigo. Sannan ya nufi akwatin nan da ya kakkaɓe min. Ya buɗe, ya tona har ƙasa, ya ciro tsohuwar safa a ƙulle. A ciki akwai kwanson harsashi, ja, na roba, gindin tagullarsa ya yi kore.

"Wani direban tirela ya ba ni guda biyu a tasha. Jajaye, suna sheƙi. Ya ce suna kaiwa nesa. Na takardar babanki kuwa sun tsufa, wani in ka ja kunama sai ya yi fus kamar an taka gwanda. Na so in kaɗo zabuwa daga inda shi bai isa ba, in yi mishi dariya har Litinin. Ban gaya mishi ba. Na sa na farko, sai da na ɗan danna kafin ta rufe. Na harba, ta shure ni a kafaɗa kamar jaki. Na yi maza na cire kwanson na sa aljihu don kar ya gani. Shi ne wannan. Na biyun kuwa..." Ya ɗaga hannun.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In ce mi? Mutum ya yarda da ni ya ba ni abin da ya fi so, na yi mishi wayo, na fasa. Ya zo asibiti sati biyu saboda kara, daga nan ya ɗauke ƙafa. Na ce to, haushin ya iso. Ga shi kuma ya yi gaba ya zama Darakta, ni ina rumfar jarida. Shinkafar da yake aikowa ma na san don mutunci ne."

Na zauna a kan buhu.

"Baba, shi fa ba haushinka yake ji ba. Yana zaton guntun tsumma ya manta a cikin bututun. Shekara talatin da huɗu yana ganin shi ya cire maka yatsu. Kunyar hannun nan ce ta hana shi zuwa."

"Tsumma?" Ya maimaita da ƙarfi har wata maƙwabciya ta leƙo. "Wane tsumma? Ni da na buɗe ta na ɗaga sama, na leƙa bakin nan biyu, na ga sararin Allah fes kafin in sa komi? Ai shi ya koya min haka! Kullum sai ya ce, Akawu, leƙa tukuna!"

Ya fara dariya, irin wadda ba daɗi ke kawo ta ba, ta juye ta zama kuka. Ni ma na yi. Amma wallahi a cikin kukan ji nake kamar in kamo kawunan tsofaffin nan biyu in gwara. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ko shayi ba zai huce ba an gama. Sun zauna gari ɗaya kowa yana tausaya wa ɗan'uwansa daga nesa, mu kuma muna ta jigilar shinkafa a tsakani.

Na ciro kwalin na yi masa bayanin Saje, na miƙa hannu ya ba ni kwanson in auna. Sai ya damƙe shi da yatsun nan biyu ya mai da aljihu.

"A'a, ɗiyata. Ya aiko shinkafa, ya aiko shadda, yanzu ya aiko awo. Wannan kam shi zo da ƙafarshi. Mota ƙarfe tara."

Da na koma gida na sami Baba a gindin mangwaro. Na ajiye kwalin da tef a kan tabarmarsa.

"Yana da abin da za a auna. Na gani da idona, amma ya hana ni. Ya ce ka zo da kanka. Ni dai na gaji da aike, Baba, tun ina firamare nake yi."

"Me ya ce miki?"

"Maganarku ce. Ka je ka ji."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Umma ta harare ni daga bakin kicin, amma ba ta ce in ba shi haƙuri ba. Na shiga shago na hau keken ɗinki, ban ɗago ba sai da aka kira Magariba, kaftani da wando sun haɗu. Duk wunin ina shakkar ko zai je, don na san taurin kansa, a wurinsa na gado.

Juma'a na iso ƙarfe bakwai, na goge kayan na ninke. Bakwai da rabi ƙofar ɗakin Baba a rufe. Takwas saura kwata, a rufe. Na cire rai, na sa kayan a leda, na ce ko ba komai tsohon ya tafi da kaftanin da ya yi masa daidai. Ina fitowa na gan shi tsaye a bakin get, ya sa hularsa ta zuwa ofis, kan kwalin ya leƙo daga aljihun gaba kusa da biro.

"Kin tsaya ɓata lokaci," ya ce. "Tare mana Keke."

Baba Isiyaku yana zaune a kan benci a ƙofar gida, an riga an kai manyan kayan tasha, saura jaka ɗaya a gefensa. Ya ga Baba tun daga bakin lungu, bai tashi ba. Baba ya ƙarasa ya tsaya.

"Akawu."

"Darakta."

Sai kuma suka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da zafi. Suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko, kamar jiya suka rabu a masallaci. Idon Baba yana kan bango, yana kan kwata, yana ko'ina ban da hannun. A zagaye na uku na ce, "Takwas da rabi fa ta wuce."

Baba Isiyaku ya matsa ya ba shi wuri a bencin. Ya ciro jan kwanson. Baba ya ƙura masa ido.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Nawa ne. Guda biyu ne, na ɓoye maka. Auna."

Baba ya zaro kwalin, ya karɓi kwanson zai haɗa su wuri ɗaya, sai kwanson ya suɓuce ya faɗi a cinyarsa. Sai Baba Isiyaku ya ɗauka da hannun hagu, babban yatsa da manuni, ya daidaita gindinsa da layin biron, ya riƙe. Yanzu babu yadda za a yi Baba ya ga awon bai ga hannun ba. Ya duba. Bakin kwanson ya wuce ƙarshen kwalin sosai. Na durƙusa na ɗora tef a kan abin da ya yi saura.

"Rabin inci," na ce.

Baba ya ɗago ya dube shi. Da ƙyar na ji muryarsa.

"Ba tsumma?"

"Babu tsumma, Lawandi. Na leƙa. Kai ka koya min." Ya sunkuyar da kai. "Ni na fasa maka bindiga, na rasa bakin faɗa. Ka yafe min."

"Bindiga? Wa yake ta bindiga, Akawu? Wa yake ta bindiga?"

Ya saki kwalin ya faɗi ƙasa. Ya kama hannun da hannuwansa biyu, ya juya shi, ya dubi bayan, ya dubi tafin, ya shafa wurin yatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

"Yana ciwo?"

"Da damina, kaɗan."

Na tsinci kwalin na koma gefe na ba su baya, ina ta gyara ledar da ba ta buƙatar gyara.

Baba Isiyaku ya dage sai ya sa sabon kaftanin kafin ya hau mota. Ya shiga ya sauya ya fito. Ya zauna masa cif, ba yabon kai ba. Baba ya ɗauki jakar da kansa, ya hana ni taɓawa, muka ratsa lungu zuwa tasha suna tafe suna musu a kan wanda ya fi iya harbi, mutanen da ko zabuwa a ɗaure ba za su samu yanzu ba.

Motar Malumfashi ta kusa cika. Ɗan kamasho yana buga bayanta yana ihun saura mutum ɗaya, kuma yau gaskiya ya faɗa. Baba Isiyaku ya shiga ya zauna a wurin da aka riga aka kama masa. Baba ya miƙa masa jakar, ya tsaya riƙe da ƙofa. Sai kawai ya tattare rigarsa ya shige ya zauna kusa da shi.

"Baba, ina za ka?"

"Rakiya."

"Zuwa ina?"

"Malumfashi mana. Ina motar za ta?"

"Ko maganin hawan jininka ba ka ɗauko ba!"

Ya sa hannu a aljihun gefe, ya ɗan ciro kwalbar maganin ya nuna min, da cajar waya a naɗe kusa da ita. Ashe tun daga gida ya gama shawara, tun bai san abin da awon zai nuna ba.

"Ki gaya wa Ummanku kar ta ajiye min tuwo. Saje kuma ki ce masa sai na dawo."

Direba ya tayar da mota. Na bi su da kallo ta gilashin baya har suka hau titin Zariya. Baba Isiyaku ya riga ya fara wani labari, hannun hagunsa a sama yana kwatance da yatsu biyu, Baba kuma yana kallon hannun bai kau da kai ba.